WA AKE YI WA DARIYA? NAZARIN RASHIN FAHIMTA A LABARAN RAHA NA 'YAN MAKARANTA DAGA BENCIN ƊALIBIN KAFANCHAN

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya tsaya gaban aji ya san cewa makaranta ba ta rabuwa da abin dariya. Malami yakan faɗi magana ɗalibi ya ji wata dabam. Akan rubuta sanarwa a allo a karanta ta a baibai. Akan aiki yaro da saƙo ofishin hedimasta, kafin ya isa saƙon ya rikiɗe ya zama wani abu. Wannan saɓani da ake samu tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji, shi muke nufi da rashin fahimta a wannan takarda. A ƙasashe da dama irin wannan rashin fahimta ya zama ginshiƙin wani reshe na adabi mai zaman kansa, wato ƙagaggun labaran ban dariya a kan zaman makaranta, waɗanda ake rubuta wa yara 'yan shekara 9 zuwa 13, daga tsakiyar firamare ke nan zuwa farkon sakandare.

Manufarmu ita ce mu auna abin da rubutaccen adabin Hausa ya tanadar wa yaro mai waɗannan shekaru ta wannan fuska. Sai dai ba daga Kano ko Katsina ko Sakkwato za mu yi awon ba. Za mu je mu zauna ne a benci ɗaya da ɗalibin firamare a Kafanchan, cikin kudancin Jihar Kaduna, mu karanta littattafan tare da shi, muna riƙe da tambaya guda a matsayin ma'auni: idan labari ya ba da dariya, wa ake yi wa dariyar? Abin da muke son tabbatarwa shi ne, labarin raha na makaranta ba ya cika sunansa sai dariyar da ke cikinsa ta zama wadda duk 'yan ajin za su yi tare, ba wadda rabin aji zai yi wa ɗaya rabin ba. Adabinmu kuwa yana da kayan gina irin wannan labari, illa dai bai ɗauki aikin da muhimmancin da ya kamata ba.

2.0 ME YA SA KAFANCHAN?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai nazarin adabin Hausa Kafanchan, alhali ga manyan biranen Hausa nan birjik? Amsar tana cikin tarihin garin. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A rabin ƙarshe na shekarun 1920 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya iso nan, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Wannan mahaɗa ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauransu, suka zo suka zauna tare da Fantswam da Nikyob da maƙwabtansu. A 1933 kuma aka mayar da fadar masarautar Jama'a cikin garin. Idan aka fita kewayensa, ga Bajju ta wajen Zonkwa, ga Agworok a Kagoro, ga Atyap a yankin Zangon Kataf, ga Ham ta wajen Kwoi, ga Gwong, ga Fulani makiyaya, kowa da harshensa.

Abin da ya haɗa waɗannan al'ummu a kasuwa da tasha shi ne Hausa. Ba nan kaɗai ba, har da majami'a, domin tun da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, da Hausa ake wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa na yankin. Saboda haka yaron da ya tashi a nan sau da yawa yakan shiga aji ɗaya da harsuna biyu a bakinsa, na gida kamar Jju ko Tyap ko Hyam, da kuma Hausa, sannan makaranta ta ɗora masa na uku, wato Ingilishi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, ko kuwa da harshen da aka fi amfani da shi a inda yake zaune. A Kano wannan magana ba ta buƙatar sharhi. A Kafanchan kuwa ita kanta abin tambaya ce: harshen wace uwar, a ajin da uwayen ke da harsuna biyar ko shida?

Ke nan, in har rashin fahimta shi ne jarin marubucin labarin raha, to babu inda jarin nan ya taru kamar a irin wannan aji. Haka kuma babu inda kuskuren marubuci zai fi yin ciwo kamar nan, domin kuwa yaron da ke karanta littafin Hausa a Kafanchan ya mallaki Hausa, amma sau da yawa ba Bahaushe ba ne, kuma ya san yadda ake kwaikwayon maganar iyayensa don a ba mutane dariya.

3.0 ABIN DA MUKA GADA

Ƙagaggen labari na Hausar boko a makaranta aka haife shi. Gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya cikin 1933, wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, an yi ta ne domin a sami abin da waɗanda suka koyi boko za su karanta. Da yawa daga cikin marubutan malaman makaranta ne. Abubakar Imam, alal misali, yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Ya kamata kuma mu tuna cewa John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East, Kirista ne daga Wusasa. Wato tun ran gini tun ran zane, adabin nan ba mallakar gida ɗaya ba ne.

Abin mamaki shi ne, littattafan da malamai suka rubuta wa ɗalibai ba su waiwayi ajin da ake karanta su a ciki ba. Taurarinsu suna yawon duniya, suna yaƙi, suna shiga ƙasar aljannu, amma babu wanda ya makara zuwa taron safe ko ya ɓatar da littafin lissafi. Abin da ya fi kusa da aji shi ne littafi na uku na Magana Jari Ce, inda aku ke horar da ɗansa Fasih dabarun magana, shi ma kuwa a fada ake yin sa. Littattafan da suka biyo baya a zamanin Gaskiya da NORLA da kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, sun ba yaro jarumtaka da al'ajabi. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya adana masa gadon dandali. Da adabin kasuwar Kano ya ɓullo daga tsakiyar shekarun 1980, makaranta ta shigo cikin labari, amma a matsayin wurin da saurayi ke hango budurwa, ba wurin da ɗan shekara goma ke fama da monita ba. Ɗaiɗaikun labaran makaranta da akan samu a littattafan koyon karatu ba su taru sun zama reshe mai suna, mai marubuta da masu karatu nasa na kansa ba.

Sakamakon haka, yaron da yake son ya ga kansa a littafi sanye da kayan makaranta sai ya tsallaka Ingilishi. A can zai tarar da Eze Goes to School na Onuora Nzekwu da Michael Crowder, wanda ya fito a 1963, da One Week One Trouble na Anezi Okoro na 1972, inda Wilson Tagbo ba ya fita daga wata rigima sai ya faɗa wata, da kuma jerin labaran Moses da Barbara Kimenye ta rubuta a kan wata makarantar kwana a Yuganda. Littattafai ne masu daɗi, amma darasin da suke koya wa yaronmu a fakaice shi ne, rayuwarsa ta yau da kullum ba ta zama labari sai da harshen Bature, ita kuwa Hausa sai sarakuna da aljannu.

4.0 IRE-IREN RASHIN FAHIMTA A RAHAR HAUSA

Duk da wannan giɓi, raha ta rashin fahimta ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Idan muka duba da kyau za mu iya kasa ta kashi uku, gwargwadon wanda dariyar ke sauka a kansa.

4.1 Rashin Fahimta na Ƙulli

Wannan shi ne wanda wani mai wayo ke ƙullawa da gangan tsakanin mutum biyu. Misali mafi kyau shi ne labarin Kalala da Kalalatu a cikin Magana Jari Ce, littafin da aka buga tsakanin 1937 da 1939. Kalalatu ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo. Domin ta rufe asirinta, sai ta tsorata baƙon da cewa wuƙar da maigidan ke wasawa dominsa ake wasa ta, shi kuma maigidan ta ce masa baƙo ya gudu da kajin. Sai ga Kalala ya bi baƙo da gudu riƙe da wuƙa yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya, shi yana nufin kaza, baƙo kuwa yana jin gaɓar jikinsa ake nufi. Manazarta sun nuna cewa labarin yana da ɗan'uwa a tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tara, amma wannan bai rage wa Imam gwanintarsa ba.

Abin lura a nan shi ne yadda aka tsara dariyar. Kalma guda ce, tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma mai karatu ne kaɗai, tare da Kalalatu, ya san duka biyun. Daɗin da yaro ke ji a nan daɗin sani ne: ya fi manya biyu sanin abin da ke gudana. Ba a tambayi ƙabilar Kalala ba, ba a kwaikwayi lafazin baƙo ba. Ɗan Bajju da ɗan Bahaushe da ke benci ɗaya za su yi wannan dariya daidai wa daida.

4.2 Rashin Fahimta na Alama

Na biyu shi ne wanda ke tasowa daga alama mai fuska biyu. A cikin Ruwan Bagaja, Alhaji ya sauka wani gari ya fake da malanta alhali ba shi da ita. Da malamin gaske, Malam Zurƙe, ya zo aka haɗa su a gwada, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙen Larabci, Alhaji yana cewa bai faɗa daidai ba, daga ƙarshe ya ce ai hoton jinjirin wata ne. Jama'a, waɗanda ba su san baƙi ba amma sun san wata, suka ba Alhaji gaskiya, aka kori malamin.

A ganinmu wannan wuri yana daga cikin mafi zurfin abin da Imam ya rubuta, kuma shi ya fi kusa da matsalar aji. Zurƙe bai yi kuskure ba, domin layin ya yi kama da baƙi. Jama'a ma ba su yi kuskure ba, domin ya yi kama da wata. Abin da ya raba gardama ba gaskiya ba ce, yawan mutane ne. Dariyar kuwa ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba: ta taɓa malamin da karatunsa ya rufe masa ido, ta taɓa jama'ar da aka yaudara cikin sauƙi, ta kuma bar mai karatu da sanin cewa wanda ya ci nasara maƙaryaci ne. Malamin makaranta ne ya rubuta wannan, kuma da wuya a ce bai san yadda baƙi ke rikita yaro a kan allo ba.

4.3 Rashin Fahimta na Raini

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a bakin jama'a, kuma shi ne abin tsoro. Wato labaran barkwanci da ake ginawa a kan baƙauye ko Bafillace ko Bamaguje ko Bagwari, inda mutum ke kuskuren fahimta ba don komai ba sai don asalinsa. Harshenmu kansa ya ba da shaida a kanmu: maganar da ba ta fita sosai muna kiran ta gwaranci, namu muna ce masa harshe, na maƙwabta kuwa yare. Finafinan barkwanci da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1990 sun ɗauki wannan gado suka faɗaɗa shi, inda ake fito da wanda ba Bahaushe ba yana karya Hausa, karyawar kuma ita ce iyakar abin dariyar.

Za a iya cewa ai wasa ne, kuma Bahaushe ya san wasa tsakanin al'ummu. Gaskiya ne akwai wasan Fulani da Barebari, da na Katsinawa da Nufawa, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Kanawa da Zagezagi. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: kowa yana da damar ramawa, kuma a gaban juna ake yin sa. Littafi kuwa ba a rama masa magana. Idan an buga shi an kai aji an ce yaro ya tashi ya karanta da ƙarfi, kuma wawan da ke cikin labarin yana magana irin ta kakarsa, to ba wasa ake yi da shi ba, wasa ake yi da mutuncinsa.

Ba muna cewa kada a saka karyayyar Hausa a adabi ba ne. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana fitowa a Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna da Hausar bariki mai gauraye da Turanci. An yi dariya ƙwarai, amma Samanja ba abin raini ba ne. Shi ke ba da oda, shi ke da hikima, kuma harshen da yake yi yana da masu shi da suka ji muryarsu a bakinsa. Bambancin ke nan tsakanin a yi dariya da mutum da a yi masa dariya.

5.0 KAYA KO ƘAYA?

Domin mu ga yadda kashi na biyu zai iya zama ginshiƙin labarin makaranta, bari mu kawo wani abu da muka gani da idonmu shekarun baya, lokacin da muka je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata firamare a gefen Kafanchan. Makarantar tana da ɗan lambu, awaki kuma sun hana shi sakat. Sai malamin aji biyar ya rubuta a allo kafin a tashi: Gobe kowa ya zo da kaya. Duk 'yan ajin sun san abin da yake nufi, domin kowace shekara sukan saro ƙaya a shinge lambun. Amma akwai wani yaro sabon zuwa, wanda aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki daga Kano. Shi ya karanta abin da aka rubuta yadda aka rubuta shi. Washegari sai ga shi ɗauke da ƙunshin tufafinsa da tabarma da buta, a zatonsa kwana za a yi a makaranta. Aji ya kece da dariya, har da malamin. Da yaron ya gane inda aka kwana, sai ya ce, "Malam, ka ba ni alli." Ya je allo ya yi wa harafin ƙugiyarsa, kaya ta koma ƙaya. Nan take dariyar ta juya kan malamin, shi kuwa ya ce, "To, yau kai ne malamina, amma gobe ka zo da ƙayarka."

Wannan ɗan abu ya ƙunshi duk abin da muke nema. Da farko, babu wawa a ciki. Yaron ya karanta daidai da ƙa'idar rubutu, sauran yaran sun karanta daidai da al'adar wurinsu, kamar dai Zurƙe da mutanen garin nan. Na biyu, wanda ya faɗa rami shi ne wanda Hausa ta zama harshen uwarsa, wato an kifar da abin da aka saba gani. Na uku, dariyar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ta zagaya ta taɓa kowa, har mai riƙe da bulala. Na huɗu, an fita da ilimi, domin babu yaron da ke ajin nan da zai sake manta amfanin ƙugiya.

Irin wannan kayan aiki kuwa Hausa ta tara shi jingim. Hausar kudancin Kaduna sau da yawa ba ta bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, kuma takan yi wa mace da namiji lamiri ɗaya, abin da ko a karin harshen Zazzau da na Bauchi ma akwai ɓurɓushinsa. To ga baki da baƙi, ga kare da ƙare, ga koko da ƙoƙo, ga kashi da ƙashi, wanda shi kaɗai ya isa ya tayar da aji uku tsaye. Daɗin daɗawa, daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu, saboda haka garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, ko wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, ko kukan yaro da kukar miya, a kan allo duk kamarsu ɗaya. A nan laifin ba na kowa ba ne, na rubutu ne, kuma marubucin da ya ɗora dariyarsa a kan rubutu bai zalunci kowa ba.

6.0 SALO DA MURYAR MAI BA DA LABARI

Samun kayan aiki bai isa ba sai an san yadda za a riƙe shi. A nan akwai abin koyo daga waje. A Amurka, Peggy Parish ta fito da Amelia Bedelia a 1963, labarin wata 'yar aiki da ke ɗaukar kowane umurni a kan zahirin lafazinsa. Kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen gyara kaza don dahuwa ita ce kuma ta sa tufafi, saboda haka sai ta sa wa kaza sutura. Yaro yana dariya, amma abin da yake ganowa shi ne harshen manya cike yake da maganganun da ba haka ake nufin su ba. A Faransa kuma, labaran Le Petit Nicolas da René Goscinny ya rubuta, Sempé ya yi wa zane, waɗanda suka fito a littafi a 1960, ƙarfinsu duka yana cikin murya ne: yaron ne ke ba da labari da bakinsa, yana faɗin abin da manya suka yi da zuciya ɗaya, ba tare da ya gane ba, mai karatu kuwa yana ganewa.

Wannan murya ita ce muka fi rasawa. Mun saba da mai ba da labari dattijo, ko aku mai hikima, wanda ke rufe kowane labari da karin magana da gargaɗi. Labarin makaranta yana son a miƙa wa yaro bakin magana, a kuma daure a bar darasi ya fito da kansa. Mu ɗauki dokar nan da makarantu da dama suka daɗe suna yi ta hana yin harshen gida a aji, har da tara. Mu ƙaddara an naɗa wani yaro monita, an ce ya rubuta sunan duk wanda ya karya dokar. Ya kama ɗaya yana Jju, ɗaya yana Hausa, amma da ya tashi kai ƙara sai Turancin ya gagare shi, ya yi bayani da Hausa, dole ya ƙara sunansa a ƙasan takardar. Idan monitan ne ya ba da wannan labari da bakinsa, yana mai ganin kansa ma'aikacin gaskiya, ba a buƙatar marubuci ya ce uffan game da dokar. Dariyar ta riga ta yanke mata hukunci.

Sharaɗi ɗaya dai shi ne adalci wajen rabon kuskure. Idan ɗan Atyap ya yi tuntuɓe da ƙugiya, to a bar ɗan Bahaushe ma ya yi tuntuɓe da p da f a darasin Ingilishi, abin da sauran 'yan Nijeriya suka daɗe suna tsokanar mu da shi, kuma mun san yadda yake da zafi. A bar shi ya gwada gaisuwa da Tyap ta kuɓuce masa. A bar shi ya kira abokinsa Kaje ko Kataf ko Jaba, a gyara masa cewa masu sunan Bajju da Atyap da Ham suke kiran kansu. Wannan ma rashin fahimta ne, mai tsohon tarihi kuwa, kuma aji ne wurin da ya fi dacewa a warware shi.

7.0 ABIN DA YA SA MAGANAR BA WASA BA CE

Wani zai ce mun ɗauki labarin yara da zafi. Amsarmu ita ce, a wannan yanki magana ta taɓa cin rayuka. Rikicin watan Maris na 1987 a makaranta ya fara, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, daga saɓani tsakanin ɗalibai a kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa da yadda aka ɗauke shi. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka, aka ƙone wuraren ibada. Bayansa ga na Zangon Kataf a 1992, ga kuma abin da ya sami Kafanchan da Zonkwa bayan zaɓen 2011. Ba mu ce rashin fahimtar kalma ne ya haddasa waɗannan ba. Saiwoyinsu suna cikin batun ƙasa da sarauta da siyasa da daɗaɗɗen ƙorafi, kuma babu littafin yara da zai tumɓuke su. Abin da muke cewa bai kai haka girma ba, amma gaskiya ne: akwai bambanci tsakanin mutumin da in ya ji magana ta yi masa baƙo zai fara tambaya, "Me kake nufi?" da wanda zai fara da cewa, "Ni kake zagi?" Wannan ɗabi'a kuwa tun ana ƙarami ake koyon ta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi dariya sau ɗari a kan kalma mai fuska biyu, ya kuma ga dariyar ta zagayo kansa bai mutu ba, ya koyi cewa abin da ya ji ba lallai ne shi aka faɗa ba.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa adabin Hausa na boko, duk da cewa don 'yan makaranta aka fara shi, bai mayar da zaman makaranta abin labari ba. Mun ga kuma cewa Abubakar Imam ya bar mana misalai biyu na rahar da ba ta da wanda aka zalunta, a Kalala da Kalalatu da kuma a karon Alhaji da Malam Zurƙe, sannan ga wata hanya ta uku, ta raini, wadda ta fi sauƙin bi kuma ta fi ɓarna. Ma'aunin da muka gabatar ɗaya ne: a ɗauki labarin a kai shi aji biyar a Kafanchan a karanta da ƙarfi, sannan a dubi fuskokin yaran. In akwai wanda ya sunkuyar da kai lokacin da sauran ke dariya, to labarin bai nuna ba tukuna.

Kiranmu ga ɗalibai masu aiko da gajerun labarai wannan mujalla, musamman waɗanda suka fito daga Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi da kewayensu, shi ne su daina ganin Hausarsu a matsayin aro, su kuma daina ganin abin da ya faru da su a firamare a matsayin abin da bai kai a rubuta ba. Su suka fi kowa sanin wannan aji, kuma ƙannensu suna nan zaune a kan bencin suna jiran littafin. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana. Allah ya sa mu dace.